Fuskar da Yatsana Ya Cinye

Shekara tara na yi a Jidda ba takarda, ina ɗinki a wani lungu a unguwar Mahjar, kullum kunnena na bakin titi. Ranar da kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, ya miƙo mini iƙama, takardar izinin zama mai ɗauke da hotona, na ɗauka tsoro ya ƙare. Ashe ranar ya samu wurin zama.

Na ɗinka mata aljihu a cikin singileti, daidai ƙirji. Ba na taka keken ɗinki sau goma ban tsaya na shafa ta ba. Da shafawa ta daina isata, sai na koma fito da ita, in buɗe, in goga babban yatsa a kan hoton don in tabbatar ni ne. Ko a sujada, Allah Ya yafe mini, hankalina na kanta.

Daga nan na fara zargin mutane. Maƙwabcina mai shayi, Bahaushen Sudan, ya taɓa cewa muna kama da juna. Tun ranar ban ƙara shan shayinsa ba. Me ya kai idonsa kan kamarmu, shi da ba shi da takarda? In ya gaishe ni, gani nake ƙirjina yake kallo. Matata ma ba ta tsira ba. Ta ce in cire singiletin ta wanke, na tambaye ta wa ya aiko ta.

"Malam, wannan waswasi ne," in ji ta. "Halas, ya isa haka, sa takardar a akwati ka huta. Zufar garin nan ba ta barin komai."

Na ce a raina, wato akwatin da ta san inda makullinsa yake.

Da lokacin sabunta iƙamar ya yi, na je ofis ina taƙama. Ma'aikacin ya buɗe, ya dube ni, ya juyo mini da shafin. Zufa da yatsana sun cinye fuskar, hula ce kawai ta rage da kunne ɗaya. Kullum ina kallon hoton nan, amma fuskar da na haddace nake gani.

"Min hada?" in ji shi. Wai wane ne wannan.

Na ce ni ne, wallahi ni ne. Ya jefa ta a aljihun tebur ya kulle, ya yi mini irin kallon da na shekara ina yi wa mai shayi, ya tambaye ni wurin wa na sato ta.

Kafin in buɗe baki, hannuna ya riga ya kai ƙirji.