Simintin Madam Debora

Shekara talatin da ɗaya Madam Debora ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a lakwal, kuma ta fito da ilimi guda da take rantsuwa a kai: yaro ba ya taɓa abu ya bar shi yadda ya same shi. Daga Dogondutsi aiki ya kawo ta Tawa, ta zauna har ta yi ritaya. Sau uku take shara a yini. Maƙwabta sun ce tsintsiyarta ta fi ladan kiyaye lokaci.

Bara ta sa aka shafe tsakar gidanta da siminti, sumul kamar faranti. Sai ta roƙi zumuntar mata ta majami'arsu su yi taron Kirsimeti a gidanta ranar Asabar. Ta ce don Ubangiji ne. Amma kowa ya san tana son Madam Alheri, shugabar zumunta, wadda ba ta taɓa yaba gidan kowa ba, ta dubi simintin nan ta ce wani abu.

Ranar Litinin jikokinta uku suka sauka daga Yamai. Kafin la'asar babbansu, Iliya, ya gano inda yaran unguwa ke gina shanun laka, ya kwaso garke guda jiƙe sharkaf ya shanya a kan siminti.

"Kai, mijin banza! Sadakin da ka kawo mini ke nan?"

"Kaka, ai bushewa za su yi."

Nan take ta kafa doka: ba laka, ba fenti, ba almakashi, ba abin da ke manne wa hannu. Yara suka zauna jugum, sai ƙaramar ta fara zane a bango da gawayi, tunda doka ba ta ambaci gawayi ba.

Maƙwabciyarta Raƙiya, mutuniyar Bambeye mai sayar da ƙosai, ta leƙo ta katanga.

"Madam, kin hana ɗiyan mutane komi, mi kike so su yi? Bari in kawo musu kara."

Ta shigo da damin karan dawa. Ta ɓare bayan kara da haƙori, ta gutsura totuwar ciki, ta soka mata ƙafafu huɗu da ƙaho biyu. Ga saniya, har da tozo. Ba ruwa, ba danƙo. Kafin a jima ta yi wa Iliya tabarau.

"To ɓawon fa, wa zai share?" in ji Madam Debora.

"Akuyata. Ita ba ta gajiya."

Aka shigo da akuya, ta lashe simintin tas. Sai dai ta bar nata tukuicin, ƙwaya-ƙwaya, tun daga ƙofar ɗaki har bakin randa. Madam Debora ta sallame ta a ranar. Daga nan aka ɗaure ta a waje, yara suna aiki a kan tabarma, su tara ɓawo a faifai su kai mata. Kwana huɗu gidan ya yi tsit. Aka yi shanu arba'in, da raƙumi mai wuya biyu bisa kuskure, da motar Yamai mai ƙafa shida.

Ranar Asabar Madam Debora ta ce a kwashe su kaf. Iliya ya kwashe, ya jera su daidai bakin ƙofa, inda baƙi za su fi gani.

Mata goma sha huɗu suka shigo da anko. Madam Alheri ta tsaya, ta sunkuya. Madam Debora ta gyara ɗankwali.

"Wa ya yi saniyar nan?" in ji Madam Alheri. "Ƙahon bai yi ba. Mu a garinmu lanƙwasa shi muke. Yaro, miƙo kara."

Ba a kai ga waƙar farko ba sai da dami ya ƙare, aka aika gidan Raƙiya neman wani. Matan da suka aurar da 'ya'ya suka baje a ƙasa suna ɓare kara da haƙori, suna tofar da ɓawo ta ko'ina, suna gardamar tozon wa ya fi. Yaran ne kaɗai suka tsaya kan tabarma.

Da za a tashi, Madam Alheri ta ajiye bijiminta a ƙasa, ta ja da baya ta dube shi.

"Debora, simintin nan naki yana da kyau. Dubi yadda sa ke tsayuwa a kai, ko gezau."

Madam Debora ta yi godiya yadda ya kamata, ta raka su har titi. Da ta dawo ta dubi tsakar gidan, ta dubi tsintsiya, sannan ta je bakin katanga.

"Raƙiya! Kwanto mini akuyar nan."