Dada Aishatu Ba Ta Tatsuniya da Rana

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata 14 ga Oktoba, 2025, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Dada Aishatu, kakar maigidana, a gidanta da ke Mugulbu. An kai ta makwancinta kafin Magariba.

Dada, shekara uku kacal na yi a hannunki. Na shigo gidan nan da jakar littattafan soyayya, kowa na yi mini dariya, ke kaɗai kika ce in zauna in karanta miki muna ɓare gyaɗa. In saurayin littafin ya cika kuka sai ki ce, "Amarya, wannan ba shi da gona ne?" Ranar da na ƙona tuwo ina kan babin ƙarshe, ke kika kankare tukunyar ba ki gaya wa kowa ba. Abin da kika tambaye ni kawai, ko sun yi aure.

Ke kika koya mini cewa kowane labari da matsayinsa. Na littattafaina kin san ƙagagge ne, kina jin daɗinsa a haka. Tatsuniya sai an ci tuwon dare. Abin da kika faɗa da rana kuwa, idonki ne ya gani. Duk Mugulbu an san ba kya tatsuniya rana na sama.

Malam Abdulƙadiri ne bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Mai bincike ne daga wata jami'a. Bara waccan ya zo da na'urar ɗaukar murya, kwana huɗu yana zuwa da hantsi, ni nake kawo masa shayi. Kin gaya masa yadda mahaifin Baba Ezekiya, maƙwabcinmu, ya raba rumbunsa da ku a shekarar yunwa, da yadda marigayi mijinki ya ba mahaifin nasa gonar da ta tashi daga tsamiya zuwa bakin mayo, wato kogi, kyauta, a gabanki. Malam ya tafi ya buga maganarki a littafi, da sunayen mutane, a ƙarƙashin "Tatsuniya ta Goma Sha Bakwai".

Bana Yaya, ɗan ƙanin mijinki, ya ce gonar gadonsu ce. Kika dogara sandarki har gaban kwamitin sulhu, kika ba Baba Ezekiya gaskiyarsa a kan danginki. Yaya ya ɗaga littafin nan. Shugaban zaman ya ce abin da masana suka kira tatsuniya ba ya zama shaida. Wani daga baya ya ce, "Ta zo mu ji ta!" Aka fashe da dariya. Daga ranar ba ki sake ba kowa labari ba, ko na ce zan karanta miki sai ki ce kanki na ciwo.

Na kira Malam a waya. Ya ce, "Hajiya, a fanninmu duk abin da tsohuwa ta faɗa da baki adabin baka ne. Ai karrama ta muka yi."

Malam Abdulƙadiri, riƙe karramawarka. Fanninka bai taɓa noma kunya ɗaya a Mugulbu ba, amma yana shirin raba dattijo da gonar da yake ci tun yana yaro. Ka sha shayinmu, ka samu ƙarin girma, ka mayar da mai gaskiya abin dariya a ƙarshen ranta. Ko gaisuwar mutuwa ba ka aiko ba. Kai kuma Yaya, na ga kukanka ranar uku, bai taɓa ni ba.

Kwamitin zai sake zama ranar 6 ga Nuwamba. Muryarta tana hannunka, Malam, inda ta fara da cewa, "Wannan da idona na gani." Ka kawo ta, ka sa hannu cewa kai ka yi kuskure.

Allah Ya jiƙanki Dada, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa 'ya'yanki da jikokinki ta'aziyya, da Baba Ezekiya da ya zauna a ƙofar gida har aka yi bakwai. In Malam bai zo ba, ni zan tsaya a gaban kwamitin. Ina wurin aka ɗauki muryarki da rana, kuma maigidana ya ce in je.