Tsohona Liman Ne

Duk mutanen layinmu a unguwar Harra ta Yamma, nan Madina, sun ɗauka kakana limamin masallaci ne. To ba haka ba ne. Limamin coci ne, Rabaran na Angilikan, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, kuma a kan haka ya mutu.

Babana ya musulunta yana jami'a, daga baya ya sami aikin ba da magani a wani asibiti a Madina, aka haife mu nan. In an tambayi asalinsa sai ya ce, "Tsohona liman ne," ya ja bakinsa. Mutane su ce masha Allah, gidan ilimi, su wuce.

Ban taɓa ganin Kaka ba. Ko ya sami kuɗin jirgi, garin nan ba a barin irinsa ya shigo. Muryarsa kawai na sani, a kaset ɗin da yake ba alhazan ƙauyen su kawo mana. A ciki na ji labarin keken da ya tsufa a kai yana zaga ƙauyuka, da ƙarfen tayar mota da ya rataye a ɗorawa yana bugawa ran Lahadi, da shekarar sanƙarau da ya yi ta binne yaran da shi ya yi wa baftisma. Bai taɓa yi mana wa'azi ba. Ƙarshen kowane kaset sai ya ce, "Ina amaryata ta Madina? Kina sallah a kan lokaci, ko sai an ɗauko bulala?"

Shekarar da na gama sakandare aka bugo waya cewa Kaka ya rasu. Fasfon Baba na wajen aiki ana sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba halin tafiya. Gida ya cika da masu ta'aziyya. Ina miƙa gahawa da dabino ta bayan labule na ji wani dattijo, malamin jami'a, yana cewa, "Allah ya jiƙan Liman. Yanzu wa zai ja musu sallah?" Wani ɗalibi ma ya yi alkawarin yi masa umara. Baba na ta cewa "Na gode." Ban ji amin ɗinsa ba ko sau ɗaya.

Da aka watse na shiga, ko sallama ban yi ba.

"Baba, wai har yaushe? Mutumin da suke wa addu'a fa babu shi, ba a taɓa yin sa ba!"



"Uwata, in na faɗa, wa zai zauna ya taya ni? Addu'ar ma ce mini za a yi ba ta halatta. Ubana ne fa."

Sai ya rufe fuska da hularsa.

Bakina na ƙaiƙayi, amma ba zan tona shi ba. Zaman garin nan nasa ne. Na dai yanke shawara: gobe in baƙi sun tafi sallar la'asar, zan ɗauko rediyo da kaset ɗin, in rufe ƙofa, in zauna kusa da shi in ce, "Baba, ba ni labarin Rabaran."