Rigar Baffa a Kan Dandamali

Shekarar da nake koyarwa a wata sakandare a Talata Mafara aka ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na ranar rabon kyaututtuka. A kwaleji mun karanta tsofaffin wasannin nan da 'yan gida ɗaya ke cin junansu har sai kowa ya hallaka. Kaina ya kumbura, na ce ni ma sai na yi irinsu. Na rubuta labarin wa da ƙane masu rigima kan rabon ruwa a gonakin Bakolori, a ƙarshe wan ya sare ƙanen da fartanya.

Abin da wauta ta hana ni tunawa shi ne, babana da wansa, Baffa na Bakura, sun shekara shida ba sa ga maciji saboda magudanar da ta ratsa tsakanin gonakinsu na shinkafa. Da ƙyar dattawa suka sasanta su a daminar shekarar. Har Baffa ya fara zuwa gidanmu, ya bar wata riga tasa shuɗiya mai aska biyu a wanke masa. Ita na ɗauka na sa wa ɗalibin da zai fito a matsayin wan, don ta yi masa daidai. Ni da kaina kuma na gayyaci Baffa, na zaunar da shi a kujerar gaba.

Ɗalibin na fitowa da fartanya wani ya ɗaga murya daga baya yana nuna Baffa, "Ai wagga rigar Alhaji ta!" Aka bushe da dariya. Mutanen banza, ana kisan kai a gabansu, su kuwa suna leƙen fuskar tsoho.

Baffa bai jira ƙarshe ba. Na bi shi har wurin 'yan kabu-kabu.

"Baffa, wallahi ba da kai nike ba."

"Ubanka yat turo ka ka hwaɗa ma duniya ni ad da niyyar kashe shi. Kun kyauta."

Babana ko sanin ana wasan bai yi ba. Sau uku yana zuwa Bakura, Baffa na cewa a ce ba ya nan. Har yau ina jin haushin kaina, amma na Baffa ya fi ci mini rai. Mutum da furfurarsa, ya gaskata riga, ya ƙi sauraron ɗan'uwan da suka sha nono ɗaya.

Da babana ya kwanta ciwon ajali, kullum sai ya tambaya ko an ga wansa a tasha. Baffa ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa.