Baba Mai Ƙaho Ya Fito Daga Rami

Kullum da hantsi, kafin masu shara su gama da gidan wasan, Baba Mai Ƙaho ya riga ya sauka ramin makaɗa da ke gaban dandamali. Zai rungumo tuba, ƙaton ƙahon tagullan nan mai cika ƙirji, ya zazzage ruwan numfashin jiya, ya ɗiga wa maɓallanta mai, sannan ya yi ta busa a hankali har leɓensa ya yi laushi. Shekara talatin da ɗaya ke nan. 'Yan kallo ko ƙeyarsa ba su sani ba.

Wadda suka sani ita ce Mai Lilo, matar da ke shawagi can kusa da rufi idonta ɗaure da ƙyalle, ta saki ƙarfen lilo ta wulwula a iska, abokin wasanta ya cafe ta. Suna jin wani sauti ya taso daga ƙasa ya zame sama fuuu kafin ƙiftawar ido, sai su ɗauka ado ne. Ado a ina? Sautin nan shi ne idonta. Baba na kallon lilon, ya danna maɓallai rabi-rabi, ya matse leɓe, inda sautin ya ƙure nan take sakin hannu. In ya yi jinkirin numfashi ɗaya, ta wuce hannun mai cafewa.

Ba a yi tuba don gudu ba, zamar da sautinta da sauri kamar sa saniya tsere ne. Kai ne ka koya mata gudu, Baba. Mai ganga shaida ne, ranar da leɓenka ya tsage ana tsakar wasa ba ka ɗaga baki ba, da ka zazzage ƙahon ruwan ja ya zubo.

To, jiki magayi. Bara haƙoransa na gaba suka fara girgiɗi, likita ya ce sai an cire. Mai busa kuwa in ba haƙori ya tashi aiki.

"Malam, burodi ma sai ka jiƙa, kana ta kokawa da ƙarfe?" in ji matarsa.

"Bari dai mu ga ƙarshen shekara."

Tsoro ne ya kama shi, ya ɓoye wa kowa. Ba zan rufe masa ba, a nan ya yi kuskure, kuma ba shi kaɗai ya biya ba.

Wata Talata ana gwaji, sautin ya ɗan maƙale a tsakiya. Mai Lilo ta saki a makare, yatsunta suka shafi na mai cafewa, ta faɗo cikin raga, kafaɗarta ta goce. Allah ya sa gwaji ne. Ranar wasa ba a shimfiɗa raga.

Manaja ya dira kan mai cafewa. "Kai ka yi latti. Tattara naka ya naka."

Mutumin, uban 'ya'ya uku, ya sunkuyar da kai, don shi ma bai san me ya faru ba. Ba kunnen da ya ji maƙalewar nan sai na Baba. Baba ya daɗe zaune a rami, ƙahon na cinyarsa. Sai ya jingine shi, ya hawo.

"Ranka ya daɗe, ƙyale bawan Allah. Ni ne."

"Kai kuma? Me ya haɗa ka da wannan?"

Ya buɗe baki, ya sa yatsa ya tura haƙorin. Kowa ya ga ya motsa.

An cire masa haƙora huɗu. Tuba tana cikin akwatinta a ɗakin ajiya, an rasa mai iya zamar da ita yadda za a amince masa da rai. Mai Lilo har yau hannunta bai ɗaguwa sama da kai. Da Baba ya je duba ta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baba, da ka yi shiru ba mai sani," ta ce.

"Da na yi shiru, 'yata, da ta'aziyya na zo."

Mun gode, Baba, ƙashin bayan makaɗa. Allah ya saka maka, ya ba baiwarsa lafiya. Direban da idonsa ya fara hazo, ungozomar da hannunta ya fara rawa, ku dubi mutumin nan. Ku riga shi faɗa, don shi ya makara. Amma ya faɗa da bakinsa, yana sane bakin ba zai ƙara busa ba.