Koriyar Leda a Kan Na'ura

Lin Wen-hsiung, mai kula da kwamfutocin asibiti, bai san sunan matar da kamfanin gyara ya turo ba. Tun safe wayar da ke haɗa kwamfutoci da rumbun adana bayanai take katsewa, likitoci a sama sun kasa buɗe hotunan marasa lafiya, ita kuwa tana tafiya cikin ɗakin na'urori mai sanyin nan kamar mai zaɓen kifi a kasuwa.

Gajeriya ce mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta, ruwan saman birnin Hsinchu bai bushe a takalmanta ba. Yadda take bin siraran wayoyin da yatsa ya sa yake zaton ta raini 'ya'ya masu rigima, kuma duk sun zama mutane.

Ta sa tabarau, ta zare waya guda, ta leƙa bakin wayar da madubin ƙara girma, ta goge maiƙon yatsan wani, ta mayar. Jar fitilar na'urar ta koma koriya.

Sannan ta ɗauko koriyar ledar gugguru da ke kan na'urar, irin wadda kowa a ƙasar nan ke ɗora wa na'ura don ta yi ladabi. Ta duba kwanan watan lalacewa. Ya wuce tun bara. Ta ciro sabuwa daga jakarta, ta ɗora da hannu biyu.

"Yaya, ke ma kin yarda da wannan?" in ji Wen-hsiung.

"Haba ƙanina, ni injiniya ce. Datti ne ya toshe waya."

"To, mu cire ledar?"

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Cire mana. Amma bari in fita tukuna."