Sunan da Iya Hauwa Ta Ƙi Faɗa

Yayana Yusha'u tela ne a unguwar Rusaifa ta Makka, kuma duk wanda ya kai masa ɗinki sai ya amsa tambaya kafin a auna shi: kai ɗan wane ne, shi kuma ɗan wa? Mutane na cewa ya cika bin diddigi. Ni Saudat, ƙanwarsa, na san abin da ke cinsa. Tasa salsalar a mutum uku take tsayawa: shi, babanmu Abdulbaƙi, sai kakanmu Garba. Sunan mahaifin Garba ya ɓace mana.

Mutumin kuwa ba na mantawa ba ne. Shi ya taso daga Kabo a ƙafa da niyyar hajji, ya ratsa Chadi, ya shekara goma sha ɗaya yana noman auduga a Sudan, inda aka haifi Garba, sannan ya tsallako teku da iyalinsa. Duk zaman Makka da muke taƙama da shi, tafin ƙafarsa ne ya samo mana. Amma babanmu ya rasu muna ƙanana, takardun gida sun salwanta da muka tashi daga unguwar Jarwal, dattawan unguwar Mansur kuma, da Yusha'u ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da Malam na Kabo kawai suka san shi.

Mutum ɗaya ta rage da ta san sunan, kakarmu Iya Hauwa, matar Garba. A 2015 ta haura tamanin da biyar. Sai dai mutumin surukinta ne, kuma macen zamaninsu ba ta kama sunan suruki ko da wuƙa a wuya.

"Iya, ko a kunne ki raɗa min," in ji Yusha'u.

"Kai angon nan ba ka da ta ido. Sunan Malam zan kama?"

"Ɗayyib, na ji, zan karanto sunaye, in na zo kansa ki gyaɗa kai."

"Kan ma yana da kunya," ta ce, ta juya masa ƙeya tun bai buɗe takardar ba.

Shekara shida suna wannan ja-in-ja. Ni kaina ta sha ba ni haushi, kuma ina tsoro, don kullum ƙara ramewa take, in ta tafi da sunan shi ke nan.

Bayan ƙaramar sallah ciwo ya kwantar da ita, ga zafi, na'urar sanyaya ɗakinta kuma ta mutu. Yusha'u ya ɗauko mai gyara daga Mansur, wani dattijo mai furfura a gemu. Dattijon ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta tambaye shi mutumin ina ne.

"Damagaram, Hajiya. Yunus sunana."

Matar da sai mun tallafe ta take zama, sai ga ta ta yunƙura da kanta. Ta jawo mayafi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido kamar amarya a gaban manya.

"Sannu da zuwa, mai sunan Malam. Saudat, shimfiɗa masa darduma, ki kawo shayi."

Yusha'u ya tsaya riƙe da tsani. Ni kuwa na rasa da wa zan fi alfahari, da mutumin da ya tako ƙasa uku a ƙafa, ko da matar da ta shekara saba'in tana girmama shi bai ma sani ba.

Da baƙon ya hau aikinsa, yayana ya tsuguna gefen gadonta, hawaye na bin gemunsa.

"Iya, ashe Yunus ne?"

Ta gyara mayafinta, ta koma ta kwanta.

"Kai ka ji da kunnenka. Ni dai ban faɗa ba."